Kunne Nawa Ne A Cikin Wayarki?

Kafin ki ci gaba da karatun nan, ina son ki amsa mini tambaya ɗaya tsakaninki da zuciyarki. Abu na ƙarshe da kika ɗora a wayarki, hoto ne ko magana, mutum nawa kike jin sun gani? Kada ki buɗe wayar ki duba. Ki yi kintace kawai, ki riƙe adadin a ranki, za mu dawo kansa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance, wata ƙanwata ce, 'yar gidan kawunmu, wadda aka yi wa aure bai fi shekara biyu ba. Yarinya ce mai kunya, irin wadda in kin je gidanta sai kin yi da gaske kafin ta haɗa ido da ke. To sai wani ɗan saɓani ya shiga tsakaninta da ƙannen mijinta, a kan abin da bai taka kara ya karya ba, maganar abincin suna ce da wanda aka zuba wa da wanda aka manta. Ba ta ce musu uffan ba. Da dare ya yi, maigidan ya yi barci, zuciya na tafasa, sai ta ɗauki waya ta rubuta habaici layi uku a sitatus ɗinta na WhatsApp, a kan mutanen da za su ci tuwonka su fita su ci namanka. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Kuma don tsabar taka-tsantsan, sai da ta bi ta cire dangin mijin ɗaya bayan ɗaya daga cikin masu iya gani. A lissafinta, ƙawayenta ne na makaranta za su gani, su kamar goma sha biyar, su ce mata ta yi haƙuri, gari ya waye maganar ta wuce.

Kafin azahar maganar ta isa kunnen uwar mijinta. Kafin la'asar matar yayan mijin da ke zaune a Kaduna ta bugo waya tana tambayar ko lafiya. Da magariba kawu da kansa ya aiko a kira ta. Washegari ta zo gidana idanu sun kumbura, ta zauna a bakin katifa ko mayafi ba ta cire ba.

"Wallahi Yaya ni ba da su nake ba," ta ce, sai kuma ta yi shiru, don ta san na san da su take. Can ta sake cewa, "To amma ai na cire su. Ni ƙawayena na yi wa. Yanzu don Allah laifina ne, ko laifin munafukar da ta ɗauka ta kai?"

A lokacin na ba ta amsa irin ta yayye, na ce ta share hawayenta ta tashi ta ci abinci. Amma tambayar ta kwana da ni, ta kuma daɗe tana bina. Shin mutum yana ɗaukar alhakin kunnen da bai yi nufin ya ji ba?

Iyayenmu ba su sha wahalar wannan tambaya kamar mu ba, domin su suna ƙidaya kunnuwa da idonsu. Mace tana zaune a tsakar gida ana yi mata kitso, za ta waiga ta ga su waye a wurin, mai kitso, kishiya tana tankaɗe a ƙofar madafi, yara biyu suna wasa. Gwargwadon waɗanda ta gani, gwargwadon abin da za ta faɗa. Da an yi sallama a zaure sai murya ta sauka, ko a juya zancen ya koma tsadar gero. Idan kuwa maganar ta jama'a ce, ita ma an san wurinta. Wadda ta aika gaisuwa filin Zaɓi Sonka ta san duk mai rediyo zai ji sunanta, don haka ba za ta sa zagin kishiya a ciki ba. Wanda ya rubuta wasiƙa zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya san a zauruka za a karanta ta da ƙarfi. Ɗaki daban, kasuwa daban, kuma ƙafarki ce take gaya miki inda kike tsaye. Ita wayar nan abin da ta yi mana shi ne, ta bar jikinki a kan gado cikin ɗaki a rufe, ta ɗauki bakinki ta kai shi tsakiyar Kantin Kwari. Jiki yana jin sirri, alhali baki yana shela.

To yanzu dawo da adadin nan da na ce ki riƙe. A 2013 wani malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, Michael Bernstein, shi da masu bincike na kamfanin Facebook, sun yi wa mutane irin tambayar da na yi miki. Bambancin kawai, su suna da hanyar sanin gaskiyar amsar, domin sun bi diddigin abin da mutum kusan 222,000 suka ɗora, suka ga ido nawa ne ya sauka a kai. Abin da suka samu shi ne, mutane suna raina yawan masu kallonsu ƙwarai. Abin da mutum yake kintata bai wuce kashi 27 cikin 100 na ainihin waɗanda suka gani ba. Wato in kin ce ashirin, ki ninka kusan sau huɗu, nan ne kika doshi gaskiya. Sun kuma gano cewa kowane rubutu ɗaya yana kaiwa ga kusan kashi 35 cikin 100 na abokan mutum, in kuwa aka tara na wata guda, kusan kashi 61 sun ga wani abu nasa.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan dai ido ya gaza, kuma dalilin gazawarsa shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Mu masu magana muke ƙirgawa. Wadda ta danna alamar so, wadda ta rubuta "Masha Allah", wadda ta turo hoton dariya, su muke gani, sai mu ɗauka su ne taron. Masu binciken sun ce yawan waɗannan alamomi ba ya nuna yawan masu kallo yadda za a dogara da shi. Mafi yawan mutane kallo suke su wuce, ba tari ba atishawa. Kamar ki shiga ɗaki da duhu ki yi sallama, mutum uku su amsa, ki saki jiki ki kwance ɗankwali ki fara zuba, sai a kunna fitila ki ga ashe ɗakin cike yake maƙil, har da surukarki a lungu.

Na san wannan bincike a kan Facebook aka yi shi, kuma an daɗe, tsare-tsaren kamfanin sun sauya tun daga lokacin. Amma kuskuren ba na na'ura ba ne, na ƙwaƙwalwarmu ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Ingila, Robin Dunbar, tun farkon shekarun 1990 ya kawo ra'ayin cewa mutanen da ɗan Adam zai iya riƙe hulɗa ta sosai da su ba su wuce kimanin 150 ba. Akwai masanan da suka ja da shi a kan adadin, amma ke gwada da kanki, ki lissafo mutanen da kika san halin da suke ciki yau, ki ga inda za ki tsaya. Facebook kuwa ya yarda mutum ya tara abokai har 5,000. Yaya zuciyar da aka halitta don ƙauye ɗaya za ta iya hango birni guda a lokacin da yatsa yake kan maɓalli? Ba za ta iya ba. Fuskoki biyar ko shida take kawo miki, waɗanda kike so su gani, sauran su ɓace.

Masu sana'ar talla a intanet, da yake kuɗinsu ne a ciki, ba sa wasa da wannan lissafi. Sun raba shi gida-gida. Akwai waɗanda za su iya gani, akwai waɗanda suka gani ɗin, akwai kuma waɗanda suka gani har suka motsa, suka yi magana ko suka saya. Ke ma kin san wannan a harkar biki. Katin da kika raba daban, matan da suka zo daban, waɗanda suka kawo gudunmawa kuma daban. Sannan suna bambanta yawan mutanen da suka gani da yawan lokutan da aka gani. Maƙwabciyar da ta wuce ƙofar gidanki sau bakwai tana leƙe, mutum ɗaya ce, ba bakwai ba. Shi ya sa in kin ga an rubuta dubu uku a ƙarƙashin bidiyonki, kada ki yi saurin cewa mutum dubu uku ne, wataƙila ke kanki kin kalla sau talatin.

Za ki ce mini, ai shi WhatsApp ba ya buƙatar kintace, yana jero miki sunayen waɗanda suka ga sitatus ɗinki, kuma bayan awa 24 abin ya goge kansa. Haka ƙanwata ta ce. Ta nuna mini, mutum talatin da ɗaya ne a jerin, ba ko ɗaya daga dangin miji. To amma jerin nan rabin labari ne. Duk wadda ta kashe alamar nan ta an-karanta a wayarta, za ta kalli naki sunanta bai fito ba, illa dai ita ma ba za ta ga masu kallon nata ba. Sannan suna ɗaya a jeri ba ido biyu ba ne kawai. A gidajenmu waya ɗaya hannu nawa take bi? Miji ya ɗauka ya duba, yaro ya karɓa zai yi wasa, ƙanwa ta ara za ta kira, kishiya tana gefe tana kallo ta wutsiyar ido. "Ke zo ki ga abin da wance ta sa." Wannan kalma kaɗai ta isa ta rusa duk lissafinki. Uwa uba ɗaukar hoton fuskar waya, wanda ba ya cin daƙiƙa biyu, kuma shi ba ya gogewa bayan awa 24. Ko saƙon nan da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace, wanda aka hana ɗaukar hotonsa, mai waya biyu sai ta ɗauke shi da ɗayar.

Da zarar magana ta fita daga sitatus ta faɗa zaure, to sai dai addu'a. Bari mu yi lissafin kasuwa, ni da ke. Tun 2016 zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 256, a 2022 aka ɗaga shi zuwa 512, kafin shekarar ta ƙare aka kai shi 1,024. Mu bar waɗannan, mu ɗauki zaure mai mata 200, irin na tsofaffin ɗalibai ko na masu karatun littattafai. A ce mata goma ne kacal a ciki suka ga abin ya isa a tura, kowacce ta tura zaure uku masu irin wannan girma. Zaure talatin ke nan, mutum 6,000. A kowane zaure a sake samun goma su yi haka, mata 300, zaure 900, mutum 180,000. Zagaye biyu fa kawai. Gaskiya ne ba haka abin yake tafiya daidai ba, mata da yawa suna cikin zauruka iri ɗaya, wasu ba su da data, wasu ba sa buɗewa, kuma mafi yawan abin da ake turawa a zauren farko yake mutuwa. To ki raba biyu, ki sake raba biyu. Saura 45,000. Wane gidan biki kika taɓa shiga mai wannan taro?

Su kansu masu WhatsApp sai da abin ya ba su tsoro. A ranar 1 ga Yulin 2018, a wani ƙauye mai suna Rainpada a jihar Maharashtra ta Indiya, jama'a suka kashe mutum biyar baƙi, saboda jita-jitar masu satar yara da take yawo a waya. Ba shi ne na farko ba a ƙasar. A cikin watan kamfanin ya taƙaita turawa a Indiya zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Janairun 2019 ya sa dokar a duk duniya, a Afrilun 2020 kuma ya ce saƙon da aka riga aka yi ta turawa, wuri ɗaya kawai za a iya kai shi a lokaci guda. Dokar ba ta hana turawa, hannu dai take gajiyarwa, da fatan kafin mutum ya maimaita sau biyar hankalinsa ya dawo. Mu ma nan mun ɗanɗana. Wadda ta yi wayo a Agustan 2014 ba za ta manta daren gishiri ba, lokacin da aka yi ta tashin mutane kafin asuba, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don maganin Ebola. Ni kaina gwaggona ce ta bugo mini tana haki. Cutar a Legas da Fatakwal ta tsaya, ba ta iso mu ba, amma gishirin ya iso kowane lungu a dare ɗaya, har aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Kuma duk wadda ta tura saƙon nan, mutum biyar ko shida take nufi, 'yan'uwanta da take ƙauna.

Kada kuma ki ce ke ba kowa ba ce, wa ya san ki. A Disambar 2013 wata mata 'yar Amurka, mabiyanta a Twitter ba su wuce 170 ba, ta rubuta wata baƙar barkwanci a kan Afirka da cutar ƙanjamau, ta kashe waya ta hau jirgi daga Landan zuwa Afirka ta Kudu, tafiyar kusan awa 11. Kafin ta sauka maganarta ta zama abin da aka fi tattaunawa a dandalin a duniya, aikinta ma ya tafi. Ba ina wanke ta ba ne, maganar mummuna ce. Abin lura shi ne ita 170 ta ƙirga. A 2016 Facebook ya auna tazarar da ke tsakanin masu amfani da shi, ya ce in an daidaita, mutum uku da rabi ne kawai, wato 3.57, tsakanin kowa da kowa. Balle TikTok, wanda tun asali ba mabiyanki kaɗai yake nuna wa ba. Yana gwada bidiyonki a kan baƙi, in sun tsaya sun kalla ya ƙara wasu, ko da mabiyanki ba su kai goma ba.

Yanzu ga wani abu da na lura da shi a kanmu mata, har da ni, kuma in na tuna sai dariya ta kama ni. Muna da mudu biyu, amma mun juya su. Uwargida mai sayar da atamfa ko turaren wuta a sitatus, in ta tashi lissafi, babban mudu take ɗauka. "Ina da lamba ɗari takwas a wayata, ko kashi goma suka saya ai na tashi da riba." Sai ta ci bashi ta saro kaya. Ta manta sitatus sai wadda kuka ajiye lambar juna take gani, ta manta a cikin masu ganin akwai yara da maza da masu kallon farashi kawai. Ƙarshe kaya su kwana a ƙarƙashin gado. Ita wannan matar dai, ranar da ranta ya ɓaci za ta yi habaici, sai ta ɗauko ƙaramin mudu. "Wa ma yake kallon sitatus ɗina? 'Yan ƙawayena ne." Alhali akasin haka ya kamata. Mai neman ciniki ta yi lissafi da mafi ƙarancin adadi, waɗanda suka taɓa tura kuɗi, don kada ta yaudari aljihunta. Mai shirin faɗin abin da zai taɓa mutuncin wani ta yi lissafi da mafi yawa, duk wanda zai iya gani, har da wanda ta cire. A kowane hali zuciya tana zaɓar mudun da zai ba ta izinin yin abin da ta riga ta yi niyya.

To mu koma tambayar ƙanwata. Laifin wa?

Akwai gaskiya a bakinta, ba zan danne ba. Wadda ta ɗauki hoton ta kai, annamimiya ce. Ta ga an cire wasu, ko ba ta gani ba ta san maganar ba tata ba ce, ta ɗauka ta haɗa wuta tsakanin yarinya da gidan aurenta. Sauƙin da na'ura ta kawo bai rage mata nauyi ba ko kaɗan. A da mai kai gulma sai ta yafa mayafi ta taka da ƙafa, a hanya wataƙila kunya ta kama ta ta juya. Yanzu tana kwance take yi. Sauƙin aiki ba ya mayar da shi halal, kuma ina jin haushin yadda muke cewa "ni dai turo mini aka yi", kamar yatsan ba namu ba ne.

Amma kasancewar wata ta yi laifi bai sauke na ƙanwata ba. Wadda ta zubar da garwashi a bayan danga lokacin hunturu, gobara ta tashi, ba za ta ce iska ce ba. Iska ce mana, to amma wa bai san ana iska a hunturu ba? Ana kama mutum da abin da ya nufa, ana kuma kama shi da abin da duk mai hankali ya san zai iya biyo baya. Shekara ashirin da suka wuce mace za ta iya cewa ba ta san halin waya ba. Yau babu wadda ba ta taɓa karɓar hoton maganar wata ba. In kin taɓa karɓa, kin san ana turawa. In kin san ana turawa, kin san naki ma za a iya.

Akwai kuma wani abu da sai da muka jima tare ta iya furtawa. Na ce mata, "Ƙanwata, tsakaninki da Allah, da kika rubuta, ba ki so ko kaɗan ya je musu ba?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Shi habaici ai wasiƙa ce da ba a rubuta adireshi ba, amma ana fatan ɗan aike ya gane gidan. Ta so su ji zafi, ba ta so a ce ita ta faɗa. Ta so ya isa kunne uku, ya isa talatin. Yawancinmu ba isar maganar ce take ba mu mamaki ba, wuce gona da ta yi ne. Muna son wuta ta ƙona kara ɗaya ta tsaya.

Inda abin ya fi nauyi a wurina shi ne maganar da ba tamu ba. In asirin kanki kika tona, ke da kanki, kin yi kasada da abin da kika mallaka. Amma hoton mahaifiya a gadon asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu, an rubuta a taya mu da addu'a, ita an tambaye ta? Bidiyon yaro yana kuka ya yi fitsari a wando, ana dariya, wanda zai girma ya tarar da shi a wayar abokansa? 'Yar aiki da aka ɗauka tana barci a kan aiki? Amarya a ɗakinta, ƙawaye sun ɗauke ta ba mayafi? Duk waɗannan mutane ne da aka tsayar a gaban taron da ba su gani ba, ba su kuma yarda ba. In ke kin kasa ƙiyasta yawan taron, da wane haƙƙi za ki tura wani gabansa?

Kada ki fahimce ni a kan cewa mace ta rufe baki ta jefa waya a rijiya. Ni ba na cikin masu wannan ra'ayi. Wannan yaɗuwar da ta jefa ƙanwata cikin kuka, ita ce dai take sa a sami mai ba da jini cikin dare, a gano yaron da ya ɓata kafin magariba, matar da ba ta fita ta ciyar da marayunta da cinikin da take yi daga ɗaki. Akwai ma matan da aka zalunta shekara da shekaru a bayan katanga, ba wanda ya saurare su sai da maganarsu ta fita ta isa inda ba a zata ba. Ita irin wannan mace ta ƙirga taron, ta san da shi, shi take nema. In duniya ta ji, abin da ta so ke nan, kuma za ta iya tsayawa a kan kowace kalma. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne, amma ba kowace magana ce ta cancanci a binne ta a ciki ba. Bambancinta da ƙanwata, ita ta buɗe ƙofa da saninta, ƙanwata kuwa ta ɗauka a rufe take.

Wata cutar kuma da ban so in tashi ban taɓa ba, ita ce ta zama a kan jerin masu kallo kamar mai gadin randa. A ɗora hoto, bayan minti biyar a duba, bayan goma a sake dubawa. "Wance ta gani ba ta ce komai ba." Daga nan gaba ta fara. Na san zumuncin da ya yi sanyi saboda an sa hoton jariri wata ba ta yi barka a ƙarƙashi ba, alhali ta zo suna da turmin atamfa. A Facebook da Instagram ma ba lallai ta gani ba, na'ura ce take zaɓar abin da za ta nuna wa kowa. In kuma adadin ya hau, sai mu ji daɗi kamar ƙauna ce ta ƙaru. Adadi ba ya bambanta idon masoyi da na mai hassada da na wadda yatsanta ya zame. Duk ɗaya yake ƙirga su. Ni kam na fi tsoron mutum ɗaya da bai kamata ya gani ba fiye da dubun da ba ruwansu.

Maganar ƙanwata dai an sasanta, bayan kawu ya sa ta a gaba, ni da matarsa muka raka ta gidan surukar da goro. Har yau ba mu san wadda ta ɗauki hoton ba, ta zargi mutum uku, ta daina gaisawa da biyu, kuma mai yiwuwa duk ba su ba ne. Da muka shiga, tsohuwar tana kan tabarma tana gyaran zogale. Ƙanwata ta durƙusa ta ba da haƙuri, murya na rawa. Tsohuwar ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "'Yar nan, da kin zo kin same ni kin faɗa mini, da ni zan tsawata musu."

A hanyar dawowa ne matar kawu take gaya mini, ashe ita Hajiyar ko babbar waya ba ta da ita, ƙaramar nan ce mai tocila, kuma ba ta karatun boko. Jikanta ne ɗan aji huɗu na firamare ya karanta mata a wayar uwarsa, da ƙarfi, a tsakar gida, har sau biyu, don karon farko ana daka ba ta ji sosai ba.